Ƙyauren Kakanmu da Shuɗin Fenti

Ko sunana zan manta, ba zan manta ranar da na yi wa ƙyauren kakanmu kwalliya ba. A lokacin duk Sakkwato babu wanda ya fi ni sanin darajar tsohon kaya. Haka nake gaya wa 'yan majalisarmu ta Mabera, kuma ba mai musu, don ni ke sayen shayi.

Wani malamin jami'a ne ke zagaya tsofaffin unguwanni yana ɗaukar hoton ƙofofi da zauruka, zai haɗa littafi. Ya ji labarin ƙyauren gidanmu na gado, na maɗaci mai ƙusoshin maƙera, ya aiko cewa zai zo Asabar. Kafin la'asar rabin gari ya ji daga bakina cewa gidanmu zai shiga littafi, shafin farko.

Baffana, tsohon da ke zaune gidan, ya tafi gona Dundaye, sai na je na duba ƙyauren ni kaɗai. Baƙi ƙirin, gefen dama ya lotsa yana sheƙi kamar an shafa man shanu. Na ce wannan abin kunya ba da ni ba. Na ɗauko kafinta, wuni biyu muna gurza da samfefa, na zuba shuɗin fenti hawa uku. Daga bakin titi yana kashe ido.

Ranar Asabar malamin ya wuce gidan sau biyu yana nema. Na tare shi ina washe baki: "Malam, ga shi nan, mun gyara maka!"

Ya sauke kyamara a hankali. Ya ce abin da ya kawo shi, shi masana ke kira fatina, wato duhu da sheƙin da rana, shekaru da taɓawar hannu ke bar wa katako, ko bango, ko dakalin bakin hanya. Lotsawar nan hannuwan gidanmu ne, tun daga kakana. Ba a sayenta, kuma in ta tafi ta tafi.

Ya tsallaka ya ɗauki hoton ƙyauren maƙwabcinmu, mutumin da bai taɓa buga ko ƙusa ɗaya ba. Shi ya shiga littafi.

Tun ranar na koyi tambaya kafin in gyara abin da na tarar. Baffa kuwa, da ya dawo, ya daɗe yana kallon shuɗin, sannan ya juyo.

"Ɗana, shekara ɗari anka yi ana shafa ƙyauren ga, kai kag gama da shi wuni biyu. Don Allah, in ka iske ni ina barci, kada ka matso da samfefa."