Babban Kifi Na Gida Ne

Yayana masunci ne, kuma duk bakin kogin an san shi da hali ɗaya: ba ya sayar da babban kifi. Sauran masunta in suka kama giwan ruwa, da gudu suke kai shi kasuwa. Shi kuwa sai ya ware ƙanana ya ba masu saye, babban ya saɓa a kafaɗa ya nufi gida yana taƙama. Na sha yi masa faɗa. "Yaya, ɗakinka yana yoyo, kai kana ta ciyar da mu kamar attajirai!" Sai ya ce abin da ya fi kyau a ruwa bakin 'ya'yansa zai shiga, rufi ya jira. Taurin kai gare shi na bugawa a jarida, amma ban taɓa ganin wanda ya mayar da rabonsa ba.

Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa Auta ce ransa. Da ta auri wani tela a layin bayanmu ta samu ciki, sai abin Yaya ya ƙaru. Ya daina kamu a kusa. Ya riƙa tuƙa kwalekwale can sama, ƙasa kaɗan da inda masu haƙar zinariya ke wanke yashi, don akwai gurbi mai zurfi da tsofaffin kifaye ke kwanciya. Ya kamo, ya gyara da hannunsa, ya kai mata. Ko tana laulayi ba ya raga mata. Zai zauna a kan bencin ɗinkin mijinta, ya tsare ta da ido. "Ci mana! Ba don ke na kawo ba, don mutumin da ke ciki ne." Tana dariya tana ci, har ta sauka lafiya.

Namiji ta haifa, kyakkyawa, ni ce ma na fara ce masa maigidana. Amma wuya ya daɗe bai tsaya ba. Zama ya zo a makare. Sa'o'insa suna gudu a tsakar gida, shi yana jingine da bango, cokali yana suɓuce masa. Muka yi ta cewa nauyin jiki ne.

Sai ma'aikatan lafiya suka zo unguwa suna yankar gashin mutane kaɗan-kaɗan don gwaji. Da suka dawo suka tara mu a asibiti, wata ma'aikaciya ta yi bayani. Ta ce zaiba, gubar nan da masu zinariya ke kama gwal da ita, tana malalowa kogi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙarami, tana ta taruwa a jikinsa yana tsufa. Ba ta wari, ba ta ɗaci. Wanki ba ya fitar da ita, suya ba ta kashe ta. Kuma ɗan da ke ciki ta fi yi wa illa. A duk matan da aka gwada, gashin Auta ne ya fi yawanta.

Yaya ya miƙe, hula a hannu. "'Yata, kifina ne ya yi wa yaron haka?" Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ne ba, amma zai iya zama. Wallahi rabin maganar na ƙarshe kawai ya ji.

Daga ranar ya rataye manyan ƙugiyoyinsa. In babba ya faɗa komarsa, sai ya sake shi, masunta suna cewa tsufa ya taɓa masa kai. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ya daina shiga gidan Auta. In zai je kogi sai ya zagaya ta wani layi. Ya sayi ƙwai ko lemo ya ba ni in kai, ya tsaya a bakin lungu yana jira in dawo in gaya masa ko yaron ya ci. Ya rame, ya daina wasa da kowa. Ita kuma Auta tana can tana fama, yaro ya yi nauyi, ba ya sauka daga jikinta, mijinta yana kan keken ɗinki daga safe har yamma.

Ran nan na gaji. Na kama hannun rigarsa, da tsufansa da komai, na ja shi har tsakar gidanta. Ya tsaya kusa da randa ya kasa ɗaga ido. Da ƙyar ya ce, "Auta, ni na ba ki. Da hannuna na ba ki."

Ta dube shi, idonta ya kaɗa. Ta kwance goyon, ta ɗora masa yaron a ƙirji har sai da ya yi tangaɗi.

"Na sani, Baba. Ni ma kullum da shi nake kwana. Amma kana can kana jin kunya, ni bayana zai karye. Riƙe shi, in samu in yi wanka."