Turken Ƙarfe a Bakin Ruwan Ikko

A ƙauyenmu, tsakanin Ɗanbatta da Makoda, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na rafin da ke bayan gonarmu. Rafin nan da damina yakan cika har ya hana mu zuwa kasuwa, da kaka ta yi kuma ya ƙafe ƙaf, ba za ka sake ganin ɗigonsa ba sai baɗi. Da rani a cikinsa maza ke kwanciya bayan azahar, su rufe fuska da hula, don yashinsa yana da sanyi. Duk da haka ni a gidan da ake maganar teku na tashi. Baba ne mai maganar, kuma wallahi har yau idan na ji ƙarar babbar mota daga nesa sai na tuna yadda yake kwaikwayon kukan jirgin ruwa da bakinsa, mu yara muna dariya har muna faɗuwa.

Yana saurayi, duk shekara da an gama girbi sai ya tafi cin rani Ikko, haka tsofaffinmu suke kiran Legas. Dako yake yi a tsohuwar matsayar jirage. Gyaɗar da aka noma a nan, ita ce yake tararwa a can cikin buhuna, ya ɗauko daga sito ya hau da ita jirgi. Yakan ce wani buhun ko a duhu ya san na ƙasarmu ne, daga ƙamshi. Ƙugiyar da yake jan buhu da ita tana nan rataye a jikin rumbu, da ita muke ciro guga idan ta faɗa rijiya.

Labari ɗaya ne ba ya bayarwa da dariya, na ƙanensa, Baffana da ban taɓa gani ba. Wata shekara Baffa ya nace sai ya bi shi, kakata ta hana, ya yi ta magiya har ta ƙyale. Bai daɗe da isa ba abin ya faru. Da tsakar rana, Baba yana cikin jirgi yana jera buhuna, Baffa ya ga ruwa ya janye ya bar wani tudun yashi fari tas a gaban matsayar. Ya sauka ya taka har can, ya wanke rigarsa ya shanya, ya kwanta ya rufe fuska da hula. A saninsa ruwan da ya tafi ya tafi ke nan sai wata damina. Ina zai san cewa na can janyewa yake yi ya dawo a yini guda? Ruwan ta bayansa ya fara zagayowa, ya raba shi da gaɓa, shi kuwa bai iya iyo ba. An yi nema har aka gaji. Hularsa kawai aka samu, ta maƙale a ƙarƙashin wani turken ƙarfe, irin waɗanda ake ɗaure igiyar jirgi a jikinsu.

Baba ya aro magagari wajen wani maƙeri ya zana shaidar gidanmu a jikin turken, ƙafar kaza, wadda muke sa wa ƙoranmu da buhunanmu. Duk shekarar da ya koma, nan yake tsayawa ya yi addu'a. Kakata kuwa har ta koma ga Allah maganarta ɗaya ce. Tana daka tana faɗi, tana tankaɗe tana faɗi: “Ni ba mutuwarsa ce ke cina ba, kowa zai tafi. Amma a ce ɗana ko tafin hannu ɗaya na ƙasa ba a zuba masa ba?” Ina yarinya har haushin maganar nan nake ji, sai da na haifi nawa na gane.

Da harkar gyaɗa ta mutu, jirage suka koma sabuwar matsaya, Baba ya daina zuwa. Ya tsufa, ido ya yi hazo, kunne ya yi nauyi, har idan zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani daga ƙetaren gona. Ni kuma bayan rasuwar maigidana na dawo gida ina kula da shi, ina sana'ar ƙuli-ƙuli.

Ana nan sai ga wani direban motar shanu, ɗan garinmu, ya zo gaishe shi. Shi dai bakinsa ba ya gajiya. Ya ce ai Baba, unguwar taku ta bakin ruwa an gama da ita, ana ta rushe tsofaffin sito, 'yan gwangwan suna yanke ƙarafa suna kaiwa awo. Na harare shi, na yi gyaran murya, ina! Sai da ya kai ƙarshe. Daga ranar Baba ya rage cin abinci. In na kai tuwo ya ɗan taɓa ya ture, ya zauna yana shafa ƙugiyar nan. Rannan ya ce, “Uwata, idan suka yanke turken nan, shi ke nan ba shi da wuri a duniya. Ki kai ni in gani.” Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Yayana ya ce sam, tsoho kamar wannan zai mutu a hanya. Na ce masa, “Yaya, to a nan ɗin rayuwa yake yi? Kai da kake shigowa ka gaishe shi daga tsaye ka fita, ka taɓa duba kwanonsa?” Muka yi ta sa-in-sa har maƙwabta suka leƙo. Da ya ga ba zan saki ba ya ce in je, duk abin da ya faru a wuyana. Na ce na ɗauka.

Wahalar hanya ba sai na faɗa ba. Mun isa dai, muka huta a wajen mutanenmu masu sayar da albasa, washegari da hantsi muka shiga tasi. Baba yana ta kwatance da sunayen wuraren da direban bai taɓa ji ba. Da ƙyar da tambaya aka kai mu wata ƙofa mai shinge, bayanta wani dogon gini mai jan bulo, an gyara shi tsaf. Kewaye da shi benaye ne masu gilashi har sama. Na ce a raina na jawo wa tsohon nan baƙin cikin da zai ƙarasa shi.

Wata budurwa ma'aikaciyar wurin ta tarbe mu. Ta yi bautar ƙasa a Kano, tana jin Hausa daidai gwargwado, ta durƙusa ta gaishe da Baba. Ta ce wannan sito shi kaɗai ya rage a layin. Su da wasu tsofaffin unguwa suka yi ta fafutuka da masu son filin har aka bar shi, aka mai da shi wurin adana kayan tarihin jirage. Ta shiga da mu. Ga tsohon sikeli, ga igiyoyi masu kaurin cinyata, ga hotunan jirage da mutane baƙaƙe wuluk da gumi ɗauke da buhuna. A cikin wani akwatin gilashi sai ga ƙugiya, sak irin tamu. Na ce ikon Allah, abin da muke ciro guga da shi ne aka saka a gilashi har da fitila! Ta yi dariya. Baba bai kula da ko ɗaya ba. Ya tsaya tsakiyar siton ya shaƙi iska, ya ce ƙamshin ya tafi, sannan ya tambaya, “Turakan fa?”

Ta ce 'yan kaɗan sun tsira, suna nan inda aka kafa su tun asali, ba a motsa su ba. Muka fita ta ƙofar baya. Ga su a jere, an shafe su da baƙin fenti suna ƙyalli. Baba ya saki hannuna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalube da yatsu, ya sunkuya, ya zagaya, ya wuce. Ni dai addu'a nake a zuci. A wajen na kusa da ƙarshe hannunsa ya tsaya. Ya kira ni, ya kama yatsana ya ɗora. A ƙarƙashin fenti na ji ta, ƙafar kaza, irin wadda ke gindin ƙwaryar da nake auna gyaɗa. Hawaye ya zubo mini, ban ma san lokacin ba.

Sai da na ɗago na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Babu ruwa. Gaban turakan fili ne shimfiɗe da bulo, an dasa itatuwa, yara suna gudu, can gaba titi, ruwan kuwa sai ka hango shi nesa kamar zare. Baba ya miƙe yana fuskantar wajen, ya kasa kunne. Ya ce, “Ya janye ne? Bari mu jira, yanzu zai dawo.”

Budurwar ta dube ni. Ta ce a hankali ai an daɗe da cike wannan gefen da yashi, tun kafin su karɓi wurin, ruwa ba ya zuwa nan kuma. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce mata, “Haba baiwar Allah! Kun adana sikeli, kun adana igiya, kun bari an kashe ruwan? To me ya rage? Tsoho ya taso tun daga Kano ya zo ya tsaya a bakin ruwan da ya cinye ƙanensa, ku nuna masa bulo?” Ba laifinta ba ne, na sani, amma ita ce a gabana. Ta sunkuyar da kai.

Baba ya ja mayafina ya ce me ake cewa. Na kai baki kunnensa na gaya masa, ina jiran ya zube. Ya ce, “Da me suka cike?” Na ce da yashi da ƙasa. Ya ce, “Har inda tudun nan yake?” Budurwar ta ce har gaba da nan sosai. Ya taka a hankali ya wuce turken, ya hau filin, ya buga ƙafarsa a ƙasa kamar mai gwada gona bayan ruwan farko. Sai na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun ina yarinya. Ya ce, “Ashe an rufe shi.”

Ya lallaba gindin wata bishiya inda babu bulo, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa da hannu biyu, ya dawo ya zuba a gaban turken kamar yadda ake yi a bakin kabari. Mai gadi ya taso zai yi magana, budurwar ta ɗaga masa hannu. Baba ya tambayi alƙibla, ta juya shi da kanta, ya daɗe yana addu'a. Da ya shafa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai Mama. Ta roƙi Baba ya zauna ya ba ta labarin wurin, ya ba ta, har da kukan jirgi. A ranar ya cinye shinkafarsa tas ya nemi ƙari.

Bai ga damina biyu bayan nan ba. Ina kewarsa, ina kewar muryar nan tasa da ke cika gida, kuma har yau ban ga tekun da ya rene mu da labarinsa ba sai wancan zaren da na hango. Abin da na fi tunawa shi ne ranar da muka dawo. Mun sauka daga mota da la'asar, Yaya ya taho da sauri ya riƙe shi, amma Baba ya ƙi shiga gida, ya ce a kai shi maƙabarta wajen kabarin kakata tukuna. Yaya ya kama hannunsa suka shiga, ni na tsaya daga bakin gona kamar yadda mata ke yi. Da yake ba ya jin kansa, muryarsa ta iso har inda nake.

“Inna, ki kwantar da hankalinki. An zuba masa ƙasa. Ni ma na zuba tawa.”