Ranar da Alhaji Tsoho Ya Ga Jakin Dawa

Ranar Juma'a ta farko bayan Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Baba ya kwashe mu a tasi daga Hadayek el-Ma'adi zuwa gidan namun daji, kakana Alhaji Tsoho na gaba yana ta mita. Aikin yanar ido ya kawo shi Alƙahira. An yi na dama, saura na hagu, sai ya tubure shi dai gida. Mutumin da ya shekara arba'in yana dillancin jakuna a kasuwar Mai'aduwa, a ce ya zauna a hawa na biyar yana sauraron hon ɗin motoci! Har jakarsa ya ɗaure. Baba ya yi lallashi ya gaji, ga likita ya ce in aka bar na hagun zai rufe gaba ɗaya.

Muna isa shingen jakunan dawa ya tsaya cak. "Wane ja'irin ne ya yi wa jakin mutane fenti?" Na yi dariya har da riƙe ciki. Ni da na haddace darasinsu a makaranta, ai na samu wurin baje koli. Na ce haka Allah ya halicce su, kuma babu biyu masu zane iri ɗaya. A daji garke-garke suke bin ciyawa da ruwa, namiji ɗaya da matansa da 'ya'yansu. Jariri kan miƙe jim kaɗan da haihuwa, uwar ta kange shi daga sauran har ya gane zanenta. In za su huta, biyu su jeru kai da wutsiya, kowa na duba bayan ɗan'uwansa saboda zaki. Ya tambaya ko suna ɗaukar mangala, na ce ba sa horuwa, sai cizo da harbi. "Ashe danginki ne, amarya," in ji shi.

Can sai na ga ya rufe idon dama da tafin hannu, ya buɗe, ya sake rufewa. Da na hagun, in ji shi, farin jaki kawai yake gani, irin waɗanda ya saba sayarwa. Ya juya wurin Baba da kalmar Larabcin da ya tsinta a bakinmu, mai nufin shi ke nan: "Khalas, Habu, a yi ɗayan." Don murna na yi ta tsalle har mayafina ya faɗi.

Ya koma gida da ido biyu, ya yi ta ba dillalai labarin jaki mai zane suna ƙaryata shi, har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu 'ya'yana a waya suke ganin garken jakunan dawa, su ture da yatsa su wuce. Ina kewarsa ƙwarai. Ban sake ganin wanda ya kalli abu da godiya irin tasa ba.