Albasar Baba da ƙwallon Bashiru

Jiya a gonarmu ta Gwandu ƙanena Bashiru ya durƙusa gaban Baba. A durƙushen ma ya kusa kamo shi tsawo.

Wata ƙungiyar ƙwallon kwando ke son ɗaukarsa da albashi, ga shi saura shekara ɗaya ya gama kwaleji.

Baba ya tumɓuko albasa ya miƙa masa. "Wadda ba ta ƙosa ba, ba ta ajiyuwa."

"Amma Baba, bara ɗanya ka kwashe zuwa kasuwar Kalgo da ka ji ta yi tsada."

Na danne dariya.

Baba ya ce, "Albasa duk shekara ina dasa wata. Kai sau nawa zan dasa ka?"

Takardar kwantiragin ƙungiyar tana aljihun Bashiru, bai sa hannu ba, bai yaga ba. Jama'a, a cire ko a bari ta ƙosa?