Afa Issahaku, Bakin Zauren Waiwaye

Duk wanda ya saba bin hanyar Nyanshegu zuwa Choggu da safe ya san Afa Issahaku, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da yake tura kekensa maimakon ya hau, don gaisuwa ba ta barinsa. Ya gaida mai koko da Dagbanci, ya gaida mai facin taya da Hausa, ya tsaya wa malamar makaranta 'yar kudu da Turanci har da guntun Twi a kai. Kafin ya iso ɗakin nan na bayan shagon kafinta, inda Zauren Waiwaye yake, ya riga ya san gidan da aka haihu, da gidan da aka yi rashi, da abin da ya ɓata wa matan kasuwa rai. Sai ya buɗe tagogi, ya zauna ya karanta abin da manya suka rubuta, yana motsa leɓɓa, yana neman yadda zai faɗe shi ga wanda bai taɓa shiga aji ba.

A ƙarshen wannan shekara ta 1989 zai ajiye aiki, domin ido ya fara gajiya. Ni da na yi shekaru ina buga wa Zauren takardu a tafireta, na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Ga wanda bai sani ba, Zauren Waiwaye ƙungiya ce ta masu nazarin yadda ake tafiyar da mulki. Papa Frederick, tsohon malamin gona daga kudu, shi ya tara tsofaffin malamai da 'yan kasuwa suka kafa ta. Ra'ayinsu na 'yan mazan jiya ne: kowa ya ci guminsa, gwamnati ta tsare doka da hanya ta bar ciniki ga masu ciniki, kuma kada a rushe abin da aka tarar sai an san abin da zai maye gurbinsa. Sukan yi nazari, su rubuta, su aika ofisoshi, su kira taro. A farkon shekarun nan irin wannan magana ba ta da farin jini ko kaɗan. Samari kan ce agogon tsofaffin nan ne ya tsaya.

Matsalarsu ta farko ma ba samari ba ce, harshe ne. Takardunsu da Turanci suke, Hausar Papa Frederick kuwa ta sayen doya ce. A wani taro ya so ya ce a bar farashi ya nemi kansa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kasuwa, a sake shi." Wata tsohuwa daga baya ta tambaya, "Saki ɗaya ko uku?" Taron bai sake komawa daidai ba. Washegari aka nemo Afa Issahaku, wanda ya taɓa yin tafinta a gandun shinkafa.

Sai ga shekarar 1983. Ruwa ya ƙi, wuta ta ci gonaki, 'yan'uwanmu suka dawo daga Najeriya da ƙunshin kayansu a ka. Gwamnati ta yanke wa abinci farashi, kwamitocin samari suka kafa shingaye a hanyoyi. Duk matar da aka kama da buhu, sai a sayar da shi a farashin gwamnati, ita kuma a kira ta 'yar kalabule, wato mai ɓoye kaya don ta tsauwala. Haka aka yi wa Mma Adiza ta Dungu, wadda tun tana budurwa take kawo masara daga ƙauyuka. Ita da ƙawayenta suka zauna a gida, kasuwa ta zama fili.

Zauren ya rubuta cewa shingayen ne suke ƙara yunwa. Kwamitin yankin, ƙarƙashin wani saurayi mai suna Tahidu, ya ce to su zo filin makaranta su maimaita a gaban jama'a. Ranar taron, zazzaɓi ya kama kusan dukkan 'yan Zauren a lokaci guda. Papa Frederick da Afa Issahaku kaɗai suka tsaya a gaba, ni kuma ina can baya kusa da hanyar fita.

Kafin a fara, wani ɗan kwamiti ya matso ya ce, "Afa, Turancin tsohon nan ba wanda zai ji. Bakinka za a ji. Ka san yadda za ka yi."

Afa ya ce, "Ɗana, ni ƙwarya ce. Abin da aka zuba mini shi nake kaiwa."

Papa Frederick ya yi magana, Afa ya juya ta Dagbanci, ya sake juya ta Hausa, bai rage mata kaifi ba. Ya ce macen da ta san za a ƙwace mata kaya ba za ta fito da su ba, manomin da ya san ba mai zuwa saye ba zai buɗe rumbu ba, kuma farashin da aka rubuta a allo ba ya shiga tukunya. Mata suka fara gyaɗa kai.

Tahidu ya miƙe a fusace, ya yi ta zuba da Dagbanci. Afa ya juya ga maigidansa, fuskarsa a sake, ya ce da Turanci, "Papa, ya ce kai tsohon ƙadangare ne da ya ƙoshi da fansho."

Papa Frederick ya gyara tabarau. "Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Kuma da saura."

Mutane suka yi dariya, har da wasu 'yan kwamitin. Amma sauran ba na dariya ba ne. Tahidu ya ce 'ya'yan yayarsa sun kwana uku ba su ga tuwo ba, ya ce ya san rumbunan da aka kulle ana jiran farashi ya ninka, ya ce masu cewa a bar kasuwa ba su taɓa zuwa kasuwa hannu wofi ba. Afa ya kai wannan ma da nauyinsa duka, har muryarsa tana rawa yadda ta Tahidu take rawa. Papa Frederick ya saurara har ƙarshe. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Gaya masa gaskiya ya faɗa a kan yaran. A kan shingen ne muka rabu."

Da taro ya watse, ba Papa Frederick aka kama ba. Afa aka tafi da shi ofishin kwamiti, aka aske masa kai ƙwal, aka ce ya zauna ya yi tunani. A lokacin mun san mutanen da aka shiga da su irin wuraren nan suka fito ba sa iya zama a kan kujera. Matarsa Mma Abibatu ta kai masa abinci tana kuka. Da ta dawo, sai muka ga tana share hawaye tana dariya. Ashe kwamitin ya tsare wasu direbobin lori 'yan Kumasi, an rasa mai jin maganarsu, sai aka fito da fursuna aka ba shi benci yana tafinta. Ya ma ce mata ta ƙaro miya, domin yaran da suke gadinsa sun fi shi jin yunwa.

A 'yan kwanakin nan ne ya samu kunnen Tahidu. Bai yi masa wa'azi ba. Ya ce masa ne kawai, "Kai kana son yara su ci, tsohon nan ma haka. Ɗayanku ya yi kuskuren hanya. Ɗage shingen Dungu na kasuwa guda mu gani. In abinci bai fito ba, ga kaina, ka riga ka san hanyarsa."

A waje kuma Mma Adiza ta tara mata sun zauna a ƙofar ofishin, ba zagi, ba waƙa, zama kawai. Tahidu ya saki Afa, ya ɗage shingen.

Ranar kasuwar masara ta fito, da tsada ƙwarai. Kasuwa ta gaba ta fi yawa, tsadar ta ɗan sauka. Ba zan ce yunwa ta ƙare ba, wannan sai da damina ta gaba ta yi kyau. Amma an ga hayaƙi a gidajen da aka daɗe ba a gani ba. Zauren ya rubuta abin da ya faru, kuma da iska ta juya gwamnati ta fara sassauta farashi, sai ga manyan ma'aikata suna neman ɗakin bayan shagon kafinta. Aka riƙa gayyatar Papa Frederick taro a Ankara, babban birnin ƙasarmu. In aka ce wa Afa Zaurensu ne ya canja ƙasa, sai ya ce, "Ruwan sama ya yi rabi, yunwa ta yi rabi, mu muka ɗauki hoto."

Afa, kai ne gadar da kowa ya bi ya haye bai duba ƙasa ba. Kai ne aka aske domin maganar wani, ka fito kana tambayar ko an ba wanzamin ladansa.

Kada mai karatu ya ɗauka ɗan amshin Shata ne. Bayan shekara biyu Zauren ya goyi bayan a riƙa biya kafin a ga likita, domin a cewarsu abin kyauta ba ya ɗorewa. A taron Choggu Afa ya fassara hujjojinsu kaf, yadda ko su ba za su iya tsara su ba. Da ya gama sai ya juya ya ce, "Papa, na sauke naka. Ka ba ni izini in ɗauki nawa."

"Bismilla, Afa."

"Ban yarda ba. Maƙwabciyata ta haihu a gida saboda tsoron abin da za a tambaye ta a ƙofa. Allah ya kiyaye, amma ba dabararmu ba ce ta kiyaye."

Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Dagbanci, sannan ya fassara kansa da Turanci don kada maigidansa ya ce an yi da shi a ɓoye. Sun yi makonni suna jayayya a ofis, da rana su ci wake da shinkafa a kwano ɗaya. Papa Frederick bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya ƙara a takardar cewa a ɗauke wa masu ciki da tsofaffi. Hukuma ba ta karɓi duka ba. Abin da ya tabbata shi ne, tun daga ranar babu takardar da take fita daga Zauren sai an karanta ta a kasuwa, an ji abin da mutane za su ce.

Kwanan baya na tambaye shi, bayan duk shekarun nan, shi ɗan mazan jiya ne ko ɗan sauyi? Ya yi murmushi ya ce, "Wata rana nan, wata rana can. Ni dai in mutum biyu sun rabu, ina so su rabu a kan abin da aka faɗa, ba a kan abin da aka ce an faɗa ba."

Mun gode, Afa Issahaku. Matan Dungu sun gode, Zauren ya gode, Tahidu ma, wanda yanzu yake sayar da shinkafa a babbar kasuwa, ya ce shi zai ciyar da baƙi ranar walimarka. Allah ya ƙara wa ido haske, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma matasa masu harshe biyu da uku, a asibiti kuke ko a kotu ko a tsakanin maƙwabta, ga aikin da dattijo ya bari. Kai maganar wanda kake so ba wuya. Ranar da aka ba ka maganar wanda ba ka so, ka kai ta yadda ya faɗe ta.