Kekena da Zauren Baba

Assalamu alaikum. Sama da shekara ashirin ke nan ban taɓa buɗe baki na ba da labarin nan ba. Masu ganin hotona a kan keken guragu suna tambaya, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Jiya aka ce min akwai wani tsohon soja a Buji da ya yi wata takwas bai ga titi ba, shi ya sa na ce to, bari in faɗa.

Ni ɗan Kiyawa ne. Na dawo daga aikin soja a Laberiya da ɓarɓashin ƙarfe a ƙwaurina na hagu. Ciwon ya rufe, na yi ritaya na kama noma.

Wata damina wurin ya fara ƙaiƙayi. Sai kumburi, sai ruwa. Na ce ni da na ga harsashi, ƙurji ne zai kai ni asibiti? Na kira wanzami ya yi ƙaho, na barbaɗa duk garin maganin da aka miƙo min. Taurin kai ne, ba wani abu ba.

Sai da ƙudaje suka fara bi na sannan matata Hauwa da yayana Audu suka sa ni a mota zuwa Dutse.

Ƙarin ruwa, gwajin jini, hoton ƙashi. Kullum da safe wankin ciwo. Ina jin ƙarar kwanukan nas daga nesa gabana zai faɗi, ni da ake kira Kofur. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ƙashin ya ruɓe, ga ciwon suga da ba ka san kana da shi ba. Ko ƙafar, ko kai."

Aka yanke ta hagu sama da gwiwa. Ta dama aka cire yatsu uku, aka ce kada in ɗora mata nauyi. Shanun huɗata biyu a nan suka tafi.

Na ɗauka asibiti ne kurkuku. Ashe yana gida.

Gidanmu marigayi Baba ne ya gina shi da hannunsa. Kun san zaurenmu na gargajiya, ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, sai ka yi kwana, don kada mai wucewa ya hango mata. To kwanar nan keke ba ya juyawa a cikinta. In zan fita sai maza huɗu sun ɗauke ni kamar buhun gero. Juma'ar farko wandona ya zame a gaban jama'a. Na rantse ba za a sake ɗaukata ba.

Na yi kusan shekara biyu ina jin kiran salla daga tsakar gida. Na zama mafaɗaci, ko tuwo ya yi zafi Hauwa ce za ta sha.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a muka ji a rediyo cewa gwamnati za ta gyara wa tsofaffin sojoji masu nakasa gidajensu. Yaya Audu ya yi ta jeka-ka-dawo zuwa Dutse da takarduna har takalminsa ya huje. Allah ya sa aka dace.

Aka turo ɗan kwangila. Mutumin kirki, wallahi. Ya ga an rubuta "Ba Shiga" a bango, ya ja ya tsaya a waje. Mu kuma kunya ta hana mu cewa ya shigo. Ya auna ƙofar gida, ya zuba gangaren siminti mai kyau har da ƙarfen dafawa, ya ɗauki hoto ya tafi.

Gangare a waje, ni a ciki. Awakin unguwa ne suka more shi.

Da ɗan abin da ya rage a hannuna na kira wani tsohon magini, Malam Garba. Shi ya shigo, ya zauna a kekena da kansa ya gwada kwanar. Ya ce ba makawa sai an fasa bangon ciki.

Yaya Audu ya ce atabau. Bangon Baba ne, kuma a wannan zamani da kowa ke maganar sutura, me za a ce in aka buɗe gida titi na kallon mata? Na faɗa masa maganganun da har yau nake istigfari a kansu.

Hauwa ba ta taɓa sa baki a maganar Yaya ba. Ranar daga bayan labule ta ce, "Yaya, mu mata muna fita biki da gaisuwa. Shekara biyu ƙaninka ne a kulle, ba mu ba. A fasa bangon, mu za mu kafa zana."

Yaya ya miƙe har na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya karɓi diga daga hannun Malam Garba, shi ya fara sara.

Malam Garba bai kashe kwanar ba, faɗaɗa ta ya yi. Ya ja sabon bango cikin tsakar gida da tubalin tsohon, ya baje dokin ƙofar ɗakina, ya gina min mazauni a bayan gida.

Juma'ar nan na fita da hannuna. Yaya na biye da ni, ya goye hannunsa a baya, bai taɓa keken ba har masallaci. Na yi kuka a sahu, ban damu da wanda ya gani ba.

Alhamdulillahi. Allah ya ji ƙan Yaya Audu da Malam Garba. Hauwa, har yanzu ina neman gafararki.

Jama'a, ciwon da ya kwana bakwai bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti. A riƙa gwajin suga. Tsofaffin sojoji, ku adana takardunku, ku je ku tambaya, haƙƙinku ne ba bara ba. In an turo mai gyara, a yi wa mata magana su shiga ɗaki, shi kuma ya shigo ya hau keken ya bi hanyar da kansa.

Har yau mai wucewa bai taɓa hango tsakar gidan Baba ba. Ni kuwa jibi zan je Buji in ga zauren mutumin nan.