Gorar Kawu da Buhunan Albasa

Yau a aji, nan Wurno, na rubuta wa ɗalibaina cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Sai alli ya tsaya mini a hannu, don na tuna Kawu, wan mahaifiyata, mai tuƙin jirgi a gulbin Rima.

In ya ɗauko kaya, tun gaɓa na nesa yake janye gorar tuƙi, ya bar jirgin ya ƙarasa da kansa.

Wata ranar kasuwar Goronyo, ina hutun kwaleji, na karɓi gorar. Jirgin cike yake da albasarsa, warinta har ido.

"Janye gora hakanan, ɗana," in ji shi. "Kaya na da tafiyassu."

"Kawu, mi za ka gwada min? Wanga abu mun karanta shi."

Na ƙara dannawa sau biyu. Jirgin ya daki gaɓa, buhu uku suka faɗa ruwa, ɗaya ya fashe. Kawu ya shiga ruwan sanyi har ƙirji, tsofai-tsofai da shi, yana tsintar albasa, ni kuwa ina tsaye ina ɗora wa iska laifi.

Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Ga shi yau da darasinsa nake cin abinci.

Allah Ka yafe masa, Ka kai shi gaɓa a hankali, yadda ya saba kai mutane.